Antaktika: Nahiyar da Marubuta Suka Riga Matuƙan Jirgi Isa

Kowace nahiya a bayan ƙasa tana da mutanenta na asali, waɗanda suka raɗa wa duwatsunta da kogunanta suna tun kafin baƙo ya iso da taswira a hannu. Banda guda ɗaya. Antaktika, wadda ke kwance a ƙuryar kudancin duniya, ba ta da ƙabila, ba ta da harshe, ba ta da kushewar kakan kowa. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 14, wato kusan Najeriya goma sha biyar, kuma kashi 98 cikin ɗari nata na binne ƙarƙashin ƙanƙarar da kaurinta ya kai kimanin kilomita biyu a tsaka-tsaki. Ba a tabbatar wani ɗan'adam ya ɗora ido a kanta ba sai a 1820. Amma kafin wannan shekara an riga an zana ta a taswira, an kuma rubuta littattafai a kan mutanenta da dokokinsu da addininsu. Shi ya sa tarihinta a ƙagaggun labaran kimiyya ya bambanta da na ko'ina. Tunda babu kowa a can, duk abin da marubuci ya ce ya tarar, shi ya tafi da shi a jakarsa.

Asalin maganar hasashe ne, ba gani ba. Tun zamanin Girkawa ake zaton akwai wata babbar ƙasa a kudu, sai masu zana taswira na Turai a ƙarni na 16 suka ƙara wa zaton hujjar nauyi. A ganinsu, tunda arewacin duniya cike yake da ƙasa, dole kudancinta ya samu abin da zai daidaita shi, kamar mangala a bayan jaki, ba a cika aljihu ɗaya a bar ɗayan wayam. A taswirar duniya da Abraham Ortelius ya buga a 1570, wannan ƙasa ta cinye gindin takardar baki ɗaya, da gaɓarta da lungunanta, alhali ba wanda ya taɓa ganinta. Marubuta kuwa suka samu fili. Duk wanda ke son sukar sarki ko coci a Turai ba tare da ya jefa kansa cikin masifa ba, sai ya ƙirƙiro matafiyin da jirginsa ya fashe a ƙasar kudu, ya tarar da al'ummar da ta fi tasu adalci. Wani Bafaranshe, Gabriel de Foigny, ya yi irin wannan a 1676.

Mu ma an yi mana irinta, kuma sanin haka yana taimakawa wajen gane abin da ya faru da Antaktika. A 1798 wani masanin taswira na Ingila, James Rennell, ya zana jerin duwatsu masu suna Kong da suka ratsa Afirka ta Yamma daga yamma zuwa gabas. Masu zane na baya suka yi ta kwafa, wasu har suka ja duwatsun suka shigo da su ƙasar da a yau ake kira Najeriya. Sun shafe kusan shekara casa'in a taswirorin Turai, sai da wani hafsan Faransa, Louis-Gustave Binger, ya taka yankin tsakanin 1887 da 1889 ya ce babu su. A duk tsawon wannan lokaci fataken Hausawa na tasowa daga Kano da ayarin jakuna, su ratsa daidai wurin da aka zana katangar duwatsun, su isa Gwanja su sayo goro su dawo. Da an tambayi madugu ɗaya da maganar ta mutu tun da wuri. Antaktika ba ta da madugun da za a tambaya, don haka ƙarya a kanta takan daɗe fiye da ƙarya a kan kowane wuri.

Kyaftin James Cook ne ya fara rage wa ƙasar kudu girma. A Janairun 1773 ya tsallaka da'irar Antaktika, ya zagaye duniya ta can ƙasa, bayan shekara guda ya kai har digiri 71 kudu kafin ƙanƙara ta tare shi. Bai ga nahiyar ba. Abin da ya tabbatar shi ne, in ma tana nan, ba ƙasar noma da zinariya ba ce, wuri ne da a ganinsa duniya ba za ta amfana da shi ba. A 1820 jiragen Rasha ƙarƙashin Bellingshausen, da wani hafsan Birtaniya Edward Bransfield, da wani Ba'amurke mafaraucin dabbobin teku Nathaniel Palmer, kowannensu ya hango gaɓarta cikin shekara guda.

Mutum zai zaci daga nan tatsuniya ta ƙare. Sai ta ja da baya kawai, ta koma bayan ƙanƙarar. A 1818 wani tsohon kyaftin na sojan Amurka, John Cleves Symmes, ya raba takarda yana shelanta cewa cikin duniya rami ne, ana iya zama a ciki, kuma akwai ƙofofi biyu manya, ɗaya a ƙuryar arewa ɗaya a ta kudu. Ya nemi jarumai ɗari su bi shi. Bayan shekara biyu wani littafi mai suna Symzonia ya fito, inda matuƙin jirgi ya shiga cikin duniya ta ƙofar kudu ya tarar da mutane farare fat masu zaman lumana. Abin mamaki a nan shi ne, wannan ra'ayi marar tushe ya taimaka wajen haifar da bincike na gaskiya. Wani almajirin Symmes, Jeremiah Reynolds, ya yar da batun ramin amma ya riƙe kiran a tura jirage kudu, ya yi ta matsa wa majalisar Amurka lamba. A 1838 ayarin jiragen Charles Wilkes ya tashi, kuma a 1840 ya bi gaɓar Antaktika tsawon kilomita kusan 2,400, abin da ya ƙarfafa cewa nahiya ce, ba tarin tsibirai ba.

A shekarar da Wilkes ya tashi ne marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya fitar da labarin Arthur Gordon Pym, wanda duk abin da aka rubuta a kan Antaktika daga baya ya ɗebi wani abu daga gare shi. A labarin, jirgi ya keta shingen ƙanƙara, sai aka ga ruwa na ƙara ɗumi maimakon sanyi. Suka isa wani tsibiri, Tsalal, inda komai baƙi ne. Mutanen baƙaƙe ne har haƙoransu, kuma duk wani abu fari yana firgita su. Suka karɓi baƙin da fara'a, daga baya suka rufto musu da tudu suka hallaka su. Pym da abokinsa suka tsere a kwalekwale suka ci gaba da yin kudu. Ruwan ya koma kamar madara, ya yi zafi, farin toka na zubowa daga sama, manyan fararen tsuntsaye na kuka, sai ga wani rami ya buɗe a gabansu, da wata ƙatuwar halitta mai siffar mutum lulluɓe, fatarta fara sol kamar dusar ƙanƙara. Nan labarin ya yanke.

Ina ganin ba a yi wa mai karatu adalci ba in aka yaba wa wannan littafi aka yi shiru a kan abin da ke cikinsa. Poe ya tashi a jihar Bajiniya, ƙasar bayi, kuma shekara bakwai kafin littafin, a 1831, bayi ƙarƙashin Nat Turner suka yi bore a wannan jiha suka kashe fararen fata da dama. Baƙar fatar da ke yi maka murmushi da rana ta binne ka da dare, wannan ba daga ƙuryar kudu ya samo shi ba, fargabar masu gandu ce ta garinsu. Ya je wurin da babu mutum ko ɗaya, ya zuba masa baƙaƙen mutane don ya ji tsoronsu. Marubuciya Toni Morrison ta yi fashin baƙin wannan farar halitta ta ƙarshen littafin a 1992, kuma a 2011 wani marubuci baƙar fata ɗan Amurka, Mat Johnson, ya juya labarin, ya tura ayarin baƙaƙen fata su je su ga abin da Pym ya gani.

Marubucin Faransa Jules Verne, wanda littafinsa na 1863 ya bi da matafiya a balan-balan ta saman Tafkin Chadi da Agadas da Timbuktu, shi ma ya leƙa kudu fiye da sau ɗaya. A 1870 ya kai Kyaftin Nemo ƙuryar kudu da jirgin ƙarƙashin teku, ya kafa baƙar tuta. A 1897 kuma ya rubuta ci gaban labarin Pym, ya warware asirin da irin hankalinsa na injiniya: wani ƙaton dutsen maganaɗisu ne ke fizge duk wani ƙarfe, aka tarar da gawar Pym manne a jikinsa saboda bindigar da ke rataye a bayansa. Verne ya yi zaton teku ne a ƙuryar. Alhali wurin tudu ne mai tsayin mita 2,800 da 'yan kai daga matakin teku, kusan dukansa ƙanƙara.

Roald Amundsen na Norwe ya taka wannan tudu ranar 14 ga Disamban 1911. Robert Scott na Birtaniya da mutanensa huɗu suka iso ranar 17 ga Janairun 1912, suka tarar da tanti da tuta. A hanyar dawowa duk suka mutu. Babu rami, babu ruwan ɗumi, babu kowa. Amma a wannan tafiya ta mutuwa aka samo abin da ya canza wa marubuta alƙibla. A gefen kogin ƙanƙara na Beardmore, mutanen Scott, da yunwa da ciwon sanyi a jikinsu, suka tsaya suka farfasa duwatsu suka ɗora kilo goma sha shida a kan abin jan kayansu. Suka yi ta jan wannan nauyi har ranar da ƙarfinsu ya ƙare, ba su yar ba. Da aka gano tantinsu bayan wata takwas, duwatsun na nan. A jikinsu akwai sawun ganyen wata tsohuwar bishiya, Glossopteris, irin wadda ake samun sawunta a kudancin Afirka da Indiya da Ostireliya da Kudancin Amurka. Ma'ana, wannan fako na ƙanƙara ya taɓa zama daji, kuma ya taɓa zama haɗe da Afirka a dunƙulalliyar nahiyar da masana ke kira Gondwana.

Daga nan tambayar ta sauya. Da ana tambayar me ke bayan ƙanƙara, yanzu sai aka koma tambayar me ke ƙarƙashinta, kuma tun yaushe. A Nuwamban 1929 Richard Byrd ya shawagi saman ƙuryar kudu da jirgin sama, jaridun Amurka suka cika da labarin. H. P. Lovecraft ya bi wannan labari sau da ƙafa, ya rubuta At the Mountains of Madness a 1931, aka buga shi a mujallar Astounding Stories a 1936. Ya ba masu binciken nasa jiragen sama da karnuka da injin haƙa, daidai irin kayan aikin zamanin. Suka tono wasu halittu da suka zaci burbushi ne, ashe barci suke. Bayan wasu duwatsu da suka fi Everest tsayi kuma suka tarar da kangon birnin da aka gina miliyoyin shekaru kafin ɗan'adam. Daga zanen bangon birnin suka karanta tarihin maginansa: daga taurari suka zo, suka ƙera wasu halittu marasa siffa don su yi musu bauta, daga baya bayin suka yi wayo suka tashi suka cinye iyayengijinsu.

Ka lura, boren bayi ne ya sake dawowa, shekara kusan ɗari bayan Poe, har kukan da tsuntsayen Poe ke yi Lovecraft ya ara ya sa a bakin bayin. Kuma mai ba da labarin tausayin iyayengijin yake ji, bayin ne dodo. Wanda ya san irin ƙyamar da Lovecraft ya yi wa baƙaƙen fata da baƙin haure a wasiƙunsa ba zai yi mamaki ba. Duk da haka ba zan ce a yar da littafin ba, don ya kama wani abu na gaskiya da masana duwatsu suka riga suka gano: duniya ta daɗe ƙwarai kafin mu, kuma zaman ɗan'adam a kanta ɗan taƙi ne.

Wanda ya fi kowa gane ainihin abin tsoro a Antaktika, a ganina, shi ne John W. Campbell, a labarinsa Who Goes There? na 1938. Mutum 37 ne a wani sansanin bincike. Suka tono jirgin wata duniya da ya shekara miliyan ashirin a cikin ƙanƙara, da wata halitta a daskare kusa da shi. Suka narkar da ita. Ashe tana iya cinye kowane mai rai ta ɗauki siffarsa, da muryarsa, da abin da ya sani. Daga wannan lokaci ba wanda ya san ko na kusa da shi mutum ne. A ƙarshe ɗaya daga cikinsu ya yi tunani cewa kowane ɓangare na wannan halitta ransa daban, to ko ɗigon jininta zai nemi tsira. Aka ɗebi jinin kowa, aka gasa waya a wuta, ana tsoma ta a jinin ɗaya bayan ɗaya, kowa na tsaye yana kallon na abokinsa. Jinin mutum sai ya ƙone kawai. Jinin dodo kuwa sai ya zabura ya guje wa wayar.

Cire dodon ka ga abin da ya rage. Maza ne kulle a ɗaki ɗaya tsawon watanni, waje duhu, ba hanyar fita, kowa ya fara zargin kowa. Wannan ya faru tun kafin Campbell ya ɗauki alƙalami. A 1898 ƙanƙara ta riƙe jirgin Belgica na ƙasar Beljiyam shekara guda cur, mutanensa suka zama na farko da suka yi hunturu a wannan yanki. Ciwon rashin ɗanyen abinci ya kama su, wasu suka taɓu, har ɗaya ya riƙa zaton abokansa na shirin kashe shi. Amundsen na cikin jirgin yana saurayi. Har gobe hukumomin sararin samaniya na nazarin masu hunturu a tashar Concordia ta Faransa da Italiya, don su gane yadda hankalin mutum zai jure tafiya zuwa duniyar Mas.

An mai da labarin Campbell fim a 1951, amma aka kai shi ƙuryar arewa. John Carpenter ya dawo da shi Antaktika a fim ɗinsa The Thing na 1982. A tashar Amurka da ke daidai ƙuryar kudu, jirgi na ƙarshe kan tashi a tsakiyar Fabrairu, kuma ba a sake zirga-zirga sai wajen ƙarshen Oktoba. Mutum arba'in da wani abu ne ke saura. Al'adarsu ce, da zarar jirgin ya tafi, su taru su kalli wannan fim tare. A wurin rana sau ɗaya take fitowa a shekara, sau ɗaya take faɗuwa. Musulmin da aiki ya kai shi can, malamai sun ce ya ƙaddara lokutan salla da azumi da na gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu suka ce da na Makka.

Abin da ke ƙara wa waɗannan labarai ƙarfi shi ne, binciken gaskiya ya riƙa tono abubuwan da suka yi kama da su. A 1958 masu binciken Tarayyar Sobiyet suka gano duwatsun Gamburtsev, jerin tsaunuka masu girman na Alps da ke Turai, binne gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙanƙara, ba wanda ya taɓa ganinsu da ido. A ƙarƙashin tashar Vostok, inda aka auna sanyin digiri 89.2 ƙasa da sifiri a Yulin 1983, akwai tafki mai tsawon kilomita kusan 250, kwance a zurfin kilomita kusan huɗu. Rashawa suka huda suka kai gare shi a Fabrairun 2012. A shekarar da ta biyo baya Amurkawa suka ɗebo ruwa daga wani tafkin, Whillans, suka tarar da ƙananan halittu masu rai a wurin da hasken rana bai kai. Sannan a Disamban 1984 aka tsinci wani dutse a yankin Allan Hills, daga baya aka gane daga duniyar Mas ya faɗo. A 1996 masana na hukumar NASA suka ce sun ga abin da ya yi kama da sawun ƙwayoyin halitta a cikinsa, har shugaba Bill Clinton ya yi jawabi a kai. Yawancin masana a yau ba su gamsu da wannan hujja ba, amma dutsen na gaske ne, kuma daga Mas ɗin yake.

A nan ne kuma matsalar take. Wanda ya ji an samu tsaunuka da tafkuna a ɓoye, cikin sauƙi zai yarda an samu birni ma an ɓoye masa. Bidiyoyin da ke yawo a Facebook da TikTok suna cewa 'yan Nazi sun gina sansani a ƙarƙashin ƙanƙara, Amurka ta kai musu yaƙi ta sha kashi. Gaskiyar ita ce, jirgin Jamus mai suna Schwabenland ya je gaɓar a farkon 1939, ya yi 'yan makonni, jiragensa biyu na sama suka ɗauki hotuna, suka koma gida. Abin da ya kai su kitse ne, Jamus na neman wurin kamun manyan kifayen teku da ake tatsar mai daga jikinsu don yin sabulu da man shafa a burodi. Atisayen Amurka na 1946 zuwa 1947 kuwa, mai sojoji kusan 4,700 da jiragen ruwa 13, horo ne na yaƙi cikin sanyi da ɗaukar hoton gaɓa, a daidai lokacin da zaman doya da manja ya fara tsakaninta da Sobiyet. Sauran kayan labarin, wato ƙofar shiga cikin duniya da tsohon birni da jirgin wata duniya, duk mun gansu a sama, a hannun Symmes da Lovecraft da Campbell. An cire sunayen marubutan ne kawai aka ce sirri ne.

Haka batun cewa Antaktika katanga ce da ta kewaye shimfiɗaɗɗiyar duniya, kuma an hana kowa zuwa. An ratsa nahiyar daga teku zuwa teku tun 1958, lokacin da ayarin Vivian Fuchs ya yi tafiyar kwana 99 da motocin ƙanƙara. Masu yawon buɗe ido sama da 100,000 ke zuwa a shekara yanzu. Wasu 'yan'uwanmu har suna haɗa wannan katanga da ganuwar Zulƙarnaini, kuma wannan ya fi damuna, don Suratul Kahfi ta faɗi abin da aka gina ganuwar da shi ƙarara, guntayen ƙarfe da narkakkiyar tagulla, a tsakanin duwatsu biyu. Bai kamata a jingina wa Alƙur'ani irin wannan tatsuniya ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu labaran suka ɗan juya. Ranar 1 ga Disamban 1959 ƙasashe 12 suka sa hannu a Yarjejeniyar Antaktika a Washington. Aka haramta aikin soja da gwajin nukiliya, aka jingine iƙirarin mallaka da ƙasashe bakwai ke yi, aka keɓe nahiyar don bincike. Wurin da a da yake gidan dodo sai ya zama mafakar ƙarshe. A 1964 marubucin Japan Sakyo Komatsu ya rubuta labarin wata cuta da aka ƙera a matsayin makami, ta kuɓuce ta shafe 'yan'adam, ba wanda ya tsira sai mutum kusan dubu goma da ke Antaktika, saboda ƙwayar cutar ba ta aiki a tsananin sanyi. Da korona ta zo, Antaktika ce nahiyar ƙarshe da ta shiga, sai a Disamban 2020, a wani sansanin ƙasar Chile.

Akwai wani gajeren labari da nake so fiye da duk waɗannan, na Ursula K. Le Guin, mai suna Sur, na 1982. Mata tara daga Ajantina da Peru da Chile suka haɗa kai a asirce suka tafi Antaktika, wasu daga cikinsu suka isa ƙuryar kudu a ƙarshen 1909, shekara biyu kafin Amundsen. Ba su kafa tuta ba, ba su bar alama ba, suka koma gidajensu suka ajiye labarin a akwati. Le Guin ta san abin da take taɓawa. A zahiri mata ba su taka ƙuryar kudu ba sai a Nuwamban 1969, saboda hukumomin da ke riƙe da jirage da sansanoni sun daɗe suna hana su. Ita ce ta fara tambayar da sauran ba su yi ba, ko dole ne zuwa wuri ya zama mallakarsa.

Sauyi na ƙarshe masana kimiyya ne suka kawo shi, marubuta suka biyo baya. A 1978 wani masanin ƙanƙara, John Mercer, ya yi gargaɗin cewa ɗumamar yanayi na iya rusa ƙanƙarar yammacin Antaktika, saboda gindinta na zaune ne ƙasa da matakin teku, inda ruwan ɗumi zai iya shiga ya ci ta ta ƙasa. A 1985 masu bincike uku na Birtaniya a tashar Halley suka ba da rahoton ramin da ya buɗe a rufin iskar ozon da ke kare mu daga ɓangaren hasken rana mai cutarwa, kuma sinadaran firij da na gwangwanin feshi ne sila. Cikin shekara biyu duniya ta sa hannu a yarjejeniyar Montreal. Kim Stanley Robinson, wanda ya je nahiyar da ƙafarsa a 1995, ya gina littattafai da dama a kan wannan. A ɗaya, na 1993, ƙanƙarar yammacin ta zube teku ya cinye biranen gaɓa. A wani, na 1997, yarjejeniyar ta fara tangal-tangal, wasu ƙasashe sun fara laluben mai, masu kare muhalli na yi musu zagon ƙasa. A na 2020 kuma injiniyoyi ne ke huda kogunan ƙanƙara suna zuƙe ruwan da ke gindinsu don su rage musu gudu. Babu dodo a ko ɗaya, ƙanƙarar kanta ce ta fara motsi.

Wannan kuwa ba a bar shi a takarda ba. A farkon 2002 dandamalin ƙanƙara na Larsen B, mai faɗin murabba'in kilomita 3,250, ya farfashe cikin 'yan makonni, taurarin ɗan'adam na ɗaukar hotonsa. Kogin ƙanƙara na Thwaites shi kaɗai yana riƙe da ruwan da zai ɗaga teku da santimita kusan 65, kuma yana tokare da wasu a bayansa. In duk ƙanƙarar nahiyar ta narke, abin da zai ɗauki ƙarnoni masu yawa, teku zai tashi da mita kusan 58. Ba sai an kai nan ba. Rabin mita ya isa ya canza rayuwa a Legas da yankin Neja Delta da Kwatano da Akara, garuruwan da ke cike da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani daga arewa, kuma kowa ya san inda mutum ke nufa in ruwa ya kore shi daga gaɓa.

Yarjejeniyar Madrid ta 1991, wadda ta fara aiki a 1998, ta haramta haƙar ma'adinai a Antaktika. Ba gaskiya ba ne cewa haramcin zai faɗi da kansa a 2048, kamar yadda ake yawan faɗa. Abin da ke akwai shi ne, daga wannan shekara kowace ƙasa mai ƙuri'a na iya neman a zauna a sake duba shi, kuma an gindaya sharuɗɗa masu tsauri kafin a sauya. Ƙasashe 29 ne ke da wannan ƙuri'a, kuma ana samunta ne ta hanyar gudanar da bincike na gaske a nahiyar. A duk faɗin Afirka, Afirka ta Kudu ce kaɗai a cikinsu.